Daga Majema Zuwa Nailan: Tarihin Ƙullin Amayid da Tasirin Yawansa

A farkon damina, babbar motar da ta taso daga Tsafe, ta bi ta Damba ta shiga Gusau, sannan ta miƙe hanyar Bunguɗu, ba abin mamaki ba ne a same ta da buhunan takin yuriya, ga kuma ɗaurin fatun awaki a gefe guda. Ita kanta motar tana tafiya ne a kan tayoyin da aka ƙarfafa cikinsu da zare, kuma a tayoyi da dama na manyan motoci da babura zaren nan nailan ne. A ido babu abin da ya haɗa farin taki da fatar akuya da zaren taya. A wajen masana kimiyyar sinadarai kuwa, ukun nan 'yan gida ɗaya ne, domin kowannensu yana ɗauke da wani ƙulli guda da ake kira amayid.

Abin da ya raba su shi ne yawan ƙullin da kuma yadda aka jera shi. Yawansa ne ke nuna ko abu zai narke a wuta ko zai babbake, ko zai sha ruwa ko zai ƙi shi, ko zai ciyar da shuka ko zai ƙone ta. Majeman ƙasar Hausa sun daɗe suna aiki da wannan ƙa'ida da hannu da ido. Masana a Turai da Amurka sun shafe fiye da shekara ɗari kafin su mayar da ita lissafi, kuma daga ranar da ta zama lissafi ribar kayan ta koma wajen masu lissafin.

Yadda ƙullin yake

Amayid haɗuwa ce ta ƙwayoyin zarra kaɗan: kabon guda da ya riƙe oksijin da riƙo biyu, sannan ya riƙe naitirojin a ɗaya gefen. Yakan samu ne idan asid ya gamu da wani sinadari ɗan gidan amoniya da ake kira amin, suka haɗe, ƙwayar ruwa guda ta fita daga tsakaninsu. Idan kowane ɗaya daga cikin biyun yana da hannu biyu, haɗuwar ba ta tsayawa a nan. Sai ta yi ta maimaituwa har a sami doguwar sarƙa mai ɗaruruwan gaɓoɓi, wadda masana ke kira folima.

Ƙullin yana da hali biyu masu muhimmanci. Na farko, yana da wuyar kwancewa. Ruwa kaɗai zai yi shekaru bai tsinka shi ba, sai an haɗa da asid mai ƙarfi, ko ruwan toka mai kaifi, ko zafi, ko kuma irin sinadaran halittu masu gaggauta aiki da ake kira inzayim. Na biyu, haidirojin da ke jikin naitirojin yana janyo oksijin na amayid ɗin da ke sarƙar maƙwabta. Wannan jan, da ake kira riƙon haidirojin, ba shi da ƙarfi idan shi kaɗai ne. Amma idan ya maimaitu sau dubbai a tsawon sarƙoƙi, sai su manne da juna kamar tufkar igiya. Sai dai ita ma ƙwayar ruwa tana iya shiga wannan riƙo ta zauna. Saboda haka duk abin da amayid ya yi yawa a cikinsa yakan zama mai ƙarfi da jure zafi, kuma mai ƙishirwar ruwa. Dukkan tarihin da ke tafe ya rataya ne a kan wannan ciniki: ba a samun ɗaya sai an biya da ɗayan.

Abin da majemi ya sani

Fatar dabba kusan dukkanta wani furotin ne mai suna kolajin. Sarƙoƙi uku ne da suka nannaɗe juna, kowace tana da gaɓoɓi kimanin 1,000, kuma amayid ne ya ɗaure kowace gaɓa da ta kusa da ita. A kashin bayan sarƙar furotin, bayan kowane kabon biyu akwai naitirojin na amayid. Wannan cunkoso ne ya sa fata ba ta narkewa a wuta sai dai ta ƙanƙance ta babbake, kuma shi ya sa ɗanyar fata ke shan ruwa ta ruɓe cikin 'yan kwanaki, ko ta bushe ta yi tauri kamar katako. Haka alhariri yake, har da zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi.

Aikin jima shi ne a raba kolajin da ruwa ba tare da an lalata sarƙarsa ba. Matakin farko shi ne jiƙa fata a ruwan toka, ko ruwan farar ƙasa a masana'antun zamani, domin gashi ya saki, zaren fatar ya buɗe. A wannan mataki ruwan yana kwance wasu ƙullan amayid da ke rassan sarƙar, amoniya ta fita, wurin ya koma asid. Idan an yi shi daidai, fata takan yi laushi ta shirya karɓar jima. Idan ruwan ya yi kaifi da yawa ko fatar ta daɗe a ciki, ɓarnar takan kai ga gangar sarƙar, a sami fata mai sako-sako da ke yagewa a hannun baduku.

Daga nan sai bagaruwa. Kwanson bagaruwa yana cike da sinadarin tanin, wanda ke da hannaye da yawa masu iya riƙon haidirojin. Tanin yana shiga tsakanin zaren kolajin ya kama ƙullan amayid, ya tare wa ruwa wurin zama. Ƙa'idar jima da tsirrai a ko'ina cikin duniya ita ce a fara da ruwa mai sauƙi, a riƙa ƙara masa ƙarfi a hankali. Idan aka tsoma fata kai tsaye a ruwa mai kauri, tanin yakan cika bayanta ya toshe ƙofofin, cikin ya zauna ɗanye, daga baya fuskar ta tsattsage. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, kuma a tukunyar jima maganar awo ce.

Ana iya auna nasarar aikin da ma'aunin zafi. Ɗanyar fata a cikin ruwa takan ƙanƙance idan zafi ya kai digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, lokacin da sarƙoƙin uku suka warware. Abin da ke faruwa ke nan a tukunyar ganda, shi ya sa romonta ke yin danƙo. Fatar da aka jeme da tsirrai takan jure har digiri 70 zuwa 85. Wadda aka jeme da gishirin kurom, hanyar da Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884, takan jure tafasasshen ruwa. Shi kurom yana kama wuraren asid ne, waɗanda jiƙon farko ya ƙara wa yawa ta hanyar kwance amayid ɗin rassa.

Wannan sana'a ta yi wa ƙasar Hausa suna tun kafin zuwan Turawa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, tana ƙetare Sahara zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, masu ɗinkin littattafai suna rububinta. Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a 1851, ya lissafa jemammun fatu da jajayen fatun da ake kaiwa har Tarabulus cikin manyan hajojin birnin. Da layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, sai hanyar ta juya kudu. Gusau ta zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu, kamfanonin Turawa suna saye suna lodawa a jirgi zuwa bakin teku. Yawancin fatun da suka bi wannan hanya busassu ne ko masu rabin jima, a can waje ake ƙarasa su.

Daga fitsari zuwa doguwar sarƙa

A Turai labarin ya faro ne daga wani wuri daban. A 1773 Hilaire Rouelle na Faransa ya ware wani farin sinadari daga fitsari, wanda daga baya aka sa wa suna yuriya. Amayid ce ƙarama ƙwarai: kabon guda da oksijin ɗinsa, da naitirojin biyu, ɗaya a kowane gefe. A 1828 Friedrich Wöhler, yana koyarwa a Balin, ya haɗa ta a ɗakin gwaji daga wasu gishiri. Wannan ya girgiza ra'ayin da ke cewa sinadaran jikin mai rai ba sa samuwa sai a jikin mai rai.

A 1902, a wani taron masana a Karlsbad, Franz Hofmeister da Emil Fischer kowannensu ya gabatar da cewa furotin sarƙa ce da amayid ya ɗaure gaɓoɓinta. Zuwa 1907 Fischer ya haɗa sarƙa mai gaɓa 18 da hannunsa. Duk da haka manyan masana da yawa ba su yarda akwai sarƙoƙi masu dubban gaɓoɓi ba. Suna ganin roba da auduga da alhariri tarin ƙananan ƙwayoyi ne da suka cure wuri guda. Hermann Staudinger ya ƙalubalanci wannan ra'ayi a 1920, ya sha suka na shekaru, kafin a ba shi lambar Nobel a 1953.

Lissafin Carothers

Wanda ya kashe gardamar da aiki shi ne Wallace Carothers, wanda ya bar koyarwa a Harvard ya shiga kamfanin DuPont a 1928. Da farko shi da mutanensa sun haɗa sarƙoƙi da wani ƙulli na daban mai suna esta. A 1930 Julian Hill ya janyo zare mai sheƙi daga cikinsu, amma zaren yana narkewa a ƙasa da zafin tafasasshen ruwa, don haka ba zai jure wanki da guga ba. Dalili shi ne esta ba shi da haidirojin a jikin naitirojin da zai riƙe sarƙar maƙwabta. Da suka koma ga amayid, ƙullin da alhariri ke amfani da shi, sai matsalar ta warware. A ranar 28 ga Fabrairu 1935 Gerard Berchet ya haɗa wani amin mai kabon shida da wani asid mai kabon shida. Abin da ya fito shi ne nailan 66.

Carothers ya bar wani lissafi mai sauƙi da ke nuna yadda yawan ƙulli ke mulkin tsawon sarƙa. Idan kashi 90 cikin 100 na hannayen da ke tukunya suka ƙulla, matsakaicin tsawon sarƙa gaɓa 10 ne kawai, abin da ba ya yin zare. Idan kashi 98 suka ƙulla, gaɓa 50. Sai an kai kashi 99 ake samun gaɓa 100, inda zare mai amfani ke farawa. Tun da kowane ƙulli yana fitar da ruwa, kuma ruwan yana iya komawa ya kwance shi a wannan zafi, dole a yi ta janye ruwan daga tukunya har ƙarshe.

Akwai sharaɗi na biyu. Dole asid da amin su zo daidai wa daida. Idan ɗaya yana 100 ɗayan yana 99, sarƙar ba za ta wuce gaɓa kusan 200 ba ko da kome ya ƙulla, domin ƙarshe duk bakunan sarƙoƙin sukan zama iri ɗaya, babu mai kama wani. Idan 100 ne da 95, iyakarta 39. Maganin da DuPont ta samo shi ne a fara haɗa su su zama gishiri, wanda shi da kansa yake ɗaukar ɗaya daga nan ɗaya daga can. Daga baya masana'antu suka mayar da matsalar makami: sukan zuba ɗan asid mai hannu ɗaya da gangan domin su tsayar da sarƙa a tsawon da suke so.

Carothers ya rasu a Afrilun 1937, bai ga abin da aikinsa ya zama ba. An fara sayar da burushin haƙori mai gashin nailan a 1938, a ranar 15 ga Mayu 1940 kuma safar mata ta nailan ta shiga kantunan Amurka baki ɗaya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yanke alharirin Japan, sai nailan ya koma lemar saukar sojoji daga jirgi da igiyoyi da zaren taya. A Jamus kuwa Paul Schlack ya samo nailan 6 a 1938 ta wata hanya da ta kauce wa rajistar DuPont.

Abin da lambobin ke faɗa

Lambar da ke bin sunan nailan ƙidayar kabon ce, don haka tana nuna tazarar da ke tsakanin amayid da amayid. Mafarin kwatanci shi ne jakar da ake zuba kayan miya a kasuwa. A kudancin Nijeriya ana ce mata nailan, Bahaushe kuma ya ce leda, kalmar da ta fito daga sunan jemammiyar fata a Turanci. Duk sunayen biyu na kayan amayid ne, alhali jakar ba ta da amayid ko ɗaya. Sarƙar kabon da haidirojin ce zalla. Shi ya sa take narkewa tsakanin digiri 110 da 135, kuma kusan ba ta shan ruwa ko kaɗan.

Nailan 12, mai amayid ɗaya a kowane kabon 12, yana narkewa a wajen digiri 178. Nailan 11, wanda Faransawa suka samar daga man zurma bayan yaƙi, yana narkewa a wajen 188. Nailan 6 yana kaiwa 220, nailan 66 wajen 260, nailan 46 kuma, mai amayid biyu a kabon 10, wajen 295. Shan ruwa ma haka yake hawa. Idan aka bar su a ruwa suka ƙoshi, nailan 12 yakan ɗauki kusan kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa, nailan 66 fiye da kashi 8, nailan 6 kuma kashi 9 zuwa 10.

Mai lura zai ga cewa nailan 6 da nailan 66 yawan amayid ɗinsu ɗaya ne, ɗaya a kowane kabon shida, amma akwai ratar digiri 40 a tsakaninsu. Dalili shi ne jeri. Sarƙar nailan 66 kamanninta ɗaya ne ko daga wane baki aka karanta ta, don haka amayid ɗinta na samun abokan riƙo cikin sauƙi, sarƙoƙin su shirya sosai. Ta nailan 6 tana da gaba da baya, sai maƙwabciyarta ta juya kafin riƙon ya cika yadda ya kamata. Yawa shi ne babban ma'auni, amma jeri yana da nasa rabon.

Waɗannan lambobi suna da tasiri a yanayi irin na Zamfara, inda iska ke bushewa ƙayau da hunturu ta kuma cika da laima a watan Agusta. Ruwan da nailan 6 ko 66 ya sha yana shiga tsakanin sarƙoƙi ya sassauta su, kayan ya ɗan kumbura ya yi laushi, ya fi jure bugu. Idan ya bushe sarai sai ya yi tauri, ya fi saurin karyewa. Maɗaurin wayoyin lantarki da ke lanƙwasa lafiya da damina yana iya ɓallewa da hunturu ba don jabu ba ne. Masunta ma sun san komar nailan takan ƙara miƙewa idan ta jiƙe. Saboda wannan ne ake yin gashin burushin haƙori da nailan 612, wanda ba ya shan ruwa da yawa, ake kuma yin bututun mai da bututun iskar birki na manyan motoci da nailan 11 ko 12, waɗanda girmansu ba ya sauyawa da laima.

Duniya ta ga darajar wannan bambanci a 2012. A ranar 31 ga Maris wata masana'antar kamfanin Evonik da ke Marl a Jamus ta yi bindiga, ma'aikata biyu suka mutu. A nan ake yin babban kaso na sinadarin da ake haɗa nailan 12 da shi. Cikin makonni kamfanonin ƙera motoci suka yi taron gaggawa a yankin Detroit, domin nailan 6 da 66, duk da yawansu da arharsu, ba za su iya maye gurbinsa a bututun mai kai tsaye ba.

Ruwan da ya ƙi yin kauri

A 1965, a DuPont ɗin dai, Stephanie Kwolek tana gwada sarƙoƙin da aka sa zoben kabon mai tauri tsakanin amayid da amayid, maimakon sarƙa mai lanƙwasa. Abin da aka saba gani shi ne, idan an ƙara yawan folima a ruwan narkarwa, ruwan ya ƙara kauri. Nata ruwan ya fito gurɓi-gurɓi kuma tsararo, har mai kula da injin zare ya yi jinkirin karɓarsa don tsoron kada ya toshe masa ramuka. Da aka gwada, zaren da ya fito ya fi duk wanda aka taɓa gani a wurin tauri.

Bayanin yana cikin yawa. Sarƙoƙin miƙaƙƙu ne kamar karan dawa. Idan kaɗan ne a ruwa, kowane yana fuskantar inda ya ga dama, suna harɗe juna, kauri yana ƙaruwa. Idan yawansu ya wuce wata iyaka, wuri yakan yi musu kaɗan, dole su jeru gefe da gefe kamar kara a dami, sai kaurin ya faɗi, su riƙa zamewa tare. Zaren da aka ja daga irin wannan ruwa yana fitowa da sarƙoƙinsa a jere tun farko. Shi ne Kevlar, wanda ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1970, ana jan sa daga asid ɗin salfa mai ƙarfi da folima kusan kashi 20 cikin 100. Nauyi da nauyi ya fi ƙarfe ƙarfi kusan sau biyar, kuma ba ya narkewa, sai dai ya lalace idan zafi ya haura digiri 450. Da shi ake yin rigar sulke ta zamani.

Buhun yuriya a gona

Amayid ɗin da ya fi shiga rayuwar manomin Tsafe da Bunguɗu shi ne wanda Wöhler ya haɗa. Tun 1922 ake da hanyar yin yuriya da yawa daga amoniya da iskar kabon. A Nijeriya masana'antar NAFCON ta fara aiki a Onne a ƙarshen shekarun 1980, ta Indorama a Eleme ta biyo baya a 2016, sannan aka buɗe ta Ɗangote a Lekki a Maris 2022, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin 100, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23.

Kafin shuka ta ci moriyar yawancin wannan naitirojin, sai an kwance ƙullin. Mai kwancewa shi ne wani inzayim da ke cikin ƙasa mai suna yuriyes, wanda James Sumner ya fara tacewa a 1926. Aikin da ruwa kaɗai zai yi shekaru yana yi, yuriyes yakan gama shi cikin kwanaki kaɗan, ya fitar da amoniya. A nan ne yawa ke shigowa. Idan ƙwayoyin takin suka taru wuri guda, amoniyar da ke fitowa takan sa ƙasar wurin ta yi kaifi kamar ruwan toka, kuma kaifin yana ƙara mayar da ita iska. Idan tarin yana jikin iri ko gindin ƙaramin tsiro, ya ƙone saiwa. Idan a saman ƙasa mai ɗan danshi aka watsa shi rana tana dukansa, amoniyar ta tashi sama, asarar tana iya kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka saya. Shi ya sa malaman gona ke cewa a tona rami ɗan nesa da gindin masara ko dawa, a zuba a rufe, a kuma raba takin kashi biyu maimakon a zuba shi gaba ɗaya. Manomin da ya watsa buhu uku a fili ya tafi yana iya zama ya biya kuɗin buhu guda ne wa iska.

Haka abin yake wajen kiwo. Kilo 4 zuwa 5 na yuriya da aka narka a ruwa aka yayyafa wa kilo 100 na tattakar shinkafa, aka rufe na wasu makonni, yana sa ta yi laushi ta ƙara amfani ga shanu. Amma saniyar da ta sami buɗaɗɗen buhu ta ci, ko ta sha ruwan da taki ya narke a ciki, amoniya tana iya kashe ta cikin sa'o'i.

Yuriya tana da wani aikin kuma da ke mayar da labarin ga fata. Da yake ita ma tana riƙon haidirojin, idan ta yi yawa takan yi gasa da amayid ɗin furotin. Man shafawa mai yuriya kashi 5 zuwa 10 yana riƙe wa fata danshi. Mai kashi 20 zuwa 30 yana rage kaushi da faso. Mai kashi 40 yana tausasa farce har a iya cire shi. A ɗakin gwaji, giram 480 a lita guda yana warware naɗin furotin gaba ɗaya, kuma da irin wannan ruwa Christian Anfinsen ya nuna cewa furotin yakan koma siffarsa da kansa idan aka janye yuriyar, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1972.

Abin da ya rage a hannu

Masaƙar Zamfara da aka kafa a Gusau a shekarun 1960 auduga take saƙawa, zaren da ba shi da amayid. Ta yi zamani tana ciyar da gidaje masu yawa, sannan ta tsaya kamar takwarorinta na Kaduna da Kano, sakamakon tsadar wuta da kwararowar yadin waje mai arha, wanda wani kaso nasa zaren roba ne da aka gina a kan binciken su Carothers. Fatu kuwa har yau suna barin kasuwannin jihar ɗanyu ko da gishiri, wasu zuwa masana'antun jima na Kano, da yawa daga na shanu kuma zuwa tukunyar ganda. Takin da ke shigowa an yi shi ne da iskar gas ta Neja Delta, kuma wani kaso nasa yana tashi sama kafin ya kai saiwa.

A duk matakan nan ilimin da ake bukata ba sirri ba ne. Cibiyar binciken fata ta ƙasa tana nan a Samaru ta Zariya, Gusau tana da jami'ar tarayya tun 2013, Ƙauran Namoda tana da kwalejin kimiyya da fasaha. Ma'aunin zafi da tukunyar ruwa sun isa a gane ko jima ta kama. Sikeli da ma'aunin kaurin ruwa sun isa a rubuta ƙarfin ruwan bagaruwar da tsohon majemi ke ganewa da yatsa, mataki bayan mataki, yadda wanda bai gaji sana'ar ba zai iya maimaitawa, mai saye daga nesa kuma ya san irin fatar da zai samu a kowane ɗauri. Majeman da ke riƙe da wannan sani a ka suna tsufa, kuma kaɗan ne daga cikin 'ya'yansu ke zama a bakin tukunya.